Kun ce ta fita, amma ba ku faɗi inda za ta je ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Tun daren Talata da na saurari shirin nan naku raina yake a ɓace, na ga idan ban rubuto muku ba abin zai yi ta ci na. Kusan awa guda baƙonku yana nanata magana ɗaya, wai duk macen da mijinta ke duka ta tattara nata ya nata ta fita. Mai gabatarwa ya ɗora da tambayar da ta fi ƙona min rai, wai me ke zaunar da su, ko daɗin dukan suke ji? Yana faɗa yana dariya. Na kasa kunne har aka sa kiɗan rufe shiri ko zan ji an faɗi inda za ta dosa idan ta fita. Shiru. Ba lambar waya, ba sunan wata cibiya, ba ko shawarar abin da za ta riƙa a hannu.

Ranka ya daɗe, ta fita ta je ina?

Ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ta bi irin wannan shawara. Ƙarfe biyu na dare ta buga min ƙofa, ƙaramar 'yarta a kafaɗa, tana jan namijin mai shekara bakwai, shi kuma takalmi ƙafa ɗaya. Muryarta a dishe, na ɗauka kuka ne ya cinye ta. Na kai hannu zan kunna fitila ta riƙe ni, ta ce, "Yaya, kar ki kunna, zai gane nan na zo." Da hasken waya na duba wuyanta, sai ga shatin yatsu huɗu a gefe guda, babban yatsa a ɗaya gefen. Kafin gari ya waye mijin yana bakin ƙofata. Wane miji ne bai san gidan yayar matarsa ba? Wayarta na hannunsa, katin shaidarta da na banki da takardun haihuwar yaran duk suna cikin akwatinsa a kulle. Kwana goma sha ɗaya ta yi a wajena ba ta leƙa ko ƙofar gida ba, yara ba makaranta, shi kuwa kullum yana tsaye a tsallaken titi. A rana ta goma sha biyu ta koma, don ta ga zamanta ya jefa ni da 'ya'yana cikin haɗari. Bayan wata huɗu a gadon asibiti na same ta, haƙarƙari biyu a karye.

Wannan ita ce macen da mai gabatar da shirinku ya yi wa dariya.

Ni ma ina da nawa laifin. Shekarun baya da ta fara nuna min kumburin fuska, cewa na yi ta ƙara haƙuri, kowa da irin nasa zaman. Ban san komai ba a lokacin. Ban san cewa lokacin da mace ta yunƙura za ta rabu da mai dukanta, da watannin da ke biyo baya, su ne suka fi kowane lokaci haɗari ga ranta ba. Ban san wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2008 ya nuna macen da abokin zamanta ya taɓa shaƙe mata wuya, haɗarin a kashe ta ya ninka fiye da sau bakwai ba. Ni ina da uzurin jahilci. Wanda kuka ɗauko kuka zaunar a matsayin masani fa? Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2023 kaɗai mata da 'yan mata kusan 51,100 ne suka mutu a hannun mazajensu, masoyansu ko danginsu, wato 140 kowace rana. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce a 2021 kusan mace ɗaya cikin uku ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar lalata. Cikin masu sauraronku na daren Talata akwai su, wata ma ta rage murya ne don kada ya ji. Kun ce mata ta fita, kun kashe makirfo kun tafi gida.

Abin da ya ceci ƙanwata, bayan ikon Allah, wata ma'aikaciyar jinya ce. Ta ce mijin ya jira a waje, ta ja labule, ta tambaye ta a hankali ko da gaske faɗuwa ta yi. Ta rubuta kowane rauni da kwanan wata, ta rubuta mata wata lamba a bayan takardar magani yadda ba mai ganewa. Masu lambar nan ba su ce mata "fita yanzu" ba. Sun zauna da ita sun tsara: ta yi kwafin takardunta ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye 'yar jaka a wajen maƙwabciyar da ta yarda da ita, mu yanke wata kalma da idan ta faɗa min a waya na san babu lafiya. Ranar da ta fita karo na biyu, gidan mafaka aka kai ta wanda ko ni sai daga baya na san unguwar da yake. Aka haɗa ta da lauya, aka samo wa yaran wata makaranta, aka ba ta mai sauraron damuwarta. Irin wannan gida ba sabon abu ba ne, tun 1971 aka buɗe na Chiswick a Landan, amma ko sau ɗaya ba a ambaci kalmar mafaka a shirinku ba. Idan ma babu irinsa a kusa da masu sauraronku, ai wannan shi ne abin da ya kamata ku titsiye hukumomi a kai.

Batun rigakafi kuwa minti biyu kuka ba shi, shi ma duk a kan yadda mace za ta kiyaye harshenta. Yaron nan mai takalmi ƙafa ɗaya, ran nan na ji shi ya ɗaga wa ƙanwarsa hannu yana faɗin kalmomin ubansa sak, har da yadda yake jan murya. Jikina ya yi sanyi. Wa zai koya masa cewa fushi ba lasisin duka ba ne? Wa zai koya wa 'yan mata cewa saurayin da ke binciken wayarki, yana raba ki da ƙawayenki, yana ƙirga miki kowane taku, ba so yake nuna miki ba? Wa zai gaya wa maƙwabci abin da zai yi idan ya ji ihu ta katanga? Aikin makaranta ne, aikin masu wa'azi ne, aikinku ne.

Ina roƙonku ku sake wannan shiri, kada ku jira sai 25 ga Nuwamba, ranar yaƙi da cin zarafin mata ta duniya, da kowa ke tunawa da mu na kwana goma sha shida. Ku gayyato wadda ke aiki a gidan mafaka, da ma'aikaciyar jinya, da lauya. Ku faɗi lambar neman agaji a farko, a tsakiya da ƙarshe, a hankali yadda mai hannu na rawa za ta iya rubutawa. Mai gabatarwar kuma ya nemi afuwa da bakinsa.

  

Wassalam,
Wata mai sauraronku a kullum