Amsar tambayarka kan yadda ake duba ginin doki

Assalamu alaikum, ɗanmu.

A taron mahaya da aka yi a Tudun Wada ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye mu ta yaya mutum zai gane doki mai kyawun gini kafin ya ba da kuɗinsa, kuma shin abin koyo ne ko baiwa. Lokaci ya ƙure mana a ranar, shi ya sa muka rubuto, don sauran matasa masu haramar sayen dokin Sallah su ma su ji. Koyo ne. Ido ake horarwa, kuma daga ƙasa ake fara duba doki.

Da farko a tuɓe shi. A cire sirdi da jalala da duk kayan ado, a bar shi da ragama kaɗai, a tsayar da shi a fili mai tauri marar gangara, da rana tsaka. Ba a cinikin biri a sama: dokin da ka gani a bidiyon waya, ko cikin kwalliya ranar Hawan Bariki, ba ka gan shi ba tukuna. Kili ne ko akawal ko danda, wannan sha'awar mai saye ce, launi ba ya ɗaukar mahayi.

Ja da baya taku shida ka kalle shi daga gefe. Tsayinsa daga doron kafaɗa zuwa ƙasa ya zo kusan daidai da tsawonsa daga ƙirji zuwa ƙarshen kuturi. Gadon baya ya zama gajere mai ƙarfi, domin mai dogon baya da wuri yake lotsawa ƙarƙashin sirdinmu na gargajiya mai nauyi. Kafaɗa ta kwanta, kusan digiri 45 zuwa 50. Mai miƙaƙƙiyar kafaɗa gajeren taku gare shi, kuma zai yi ta jijjiga ka tun daga Ƙofar Doka har ƙofar fada.

Sai ƙafafun gaba, inda muke so ka fi daɗewa, don kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki a kansu yake. Samu zare ka ɗaura masa ɗan dutse. Tsaya a gabansa ka saki zaren daga tsinin kafaɗa: ya kamata ya raba gwiwa da ƙwauri da kofato biyu daidai. In kofato ya kalli waje, a tafiya ƙafar za ta riƙa lanƙwasowa ciki tana bugun 'yar'uwarta, kuma za ka ga shaida, tabo ko gashi a goge a cikin wuyan ƙafa. In ya kalli ciki, watsa ƙafar zai riƙa yi waje. Da muni a ido amma ya fi sauƙin illa. Koma gefe ka dubi gwiwa. Wadda ta ɗan turo gaba ana iya haƙuri da ita. Wadda ta koma baya kuwa, ka bar dokin nan ko da an rage maka rabin kuɗi, domin kowace sukuwa nauyi kan jijiyar baya da ƙananan ƙasusuwan gwiwa yake sauka. Shafa jijiyar bayan ƙwauri da yatsu biyu daga sama har ƙasa, a ƙafa huɗun duka. A bushe take ya kamata ka ji ta, da sanyi. Kumburi ko ɗumi tsohon rauni ne ko sabo.

Gangaren wuyan ƙafa da na kofato su bi layi ɗaya, kofaton gaba wajen digiri 50 zuwa 55. Dogon wuyan ƙafa mai kwantawa yana da daɗin hawa amma yana gajiyar da jijiya. Gajere a tsaye kuma yana kai girgizar kwalta kai tsaye cikin gaɓa. Ɗaga kofaton ka share shi, ka sansana. Wari da baƙin ruwa ruɓewa ce daga tsayuwa cikin fitsari a turke, tana warkewa. Tsaga mai tasowa daga sama kusa da gashi ita ce matsala, don kofato yakan ɗauki wata 9 zuwa 12 kafin ya sabunta gaba ɗaya.

Ƙafafun baya su ne na zamiya. Saki zaren daga ƙarshen kuturi, ya taɓa bayan gwiwar baya ya bi ƙwauri har ƙasa. In ƙwaurin ya shige ƙarƙashin ciki sosai, gwiwar za ta kumbura bayan 'yan shekaru na tsayuwar gaggawa a gaban Sarki.

Buɗe baki. Haƙoran gaba na dindindin suna fitowa a shekara 2 da rabi, 3 da rabi, 4 da rabi, baki ya cika a shekara 5. Abin yana damunmu ƙwarai yadda ake ɗora wa duƙushi ɗan shekara 2 kayan hawa da babban mutum, alhali ƙashin bayansa bai gama ƙwari ba. Duba kuma ko haƙoran sama da na ƙasa sun haɗu, in ba su haɗu ba gero zai riƙa zubewa, ya ƙi ƙiba. Farin gashi a doron kafaɗar doki mai duhu tabon gyambon sirdi ne.

Daga nan a ja shi, tafiya sannan sassarfa, ya nufo ka ya kuma ba ka baya. In yana ɗaga kai duk sanda wata ƙafar gaba ta taka ƙasa, ita ce mai ciwo. A juya shi dama da hagu a ƙaramin da'ira, ɗingishin ɓoye a nan yake fitowa. Bayan sukuwa saurari numfashinsa.

Don horar da ido, ka riƙa zuwa barga da kilisar yamma kana tsayar da dawaki biyu gefe da gefe, ka faɗi aibin kowanne kafin tsohon mahayi ya faɗi nasa. In ciniki ya kusa faɗawa, a kira likitan dabbobi, ko a kai dokin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, a duba ido da zuciya da gaɓoɓi kafin a biya kuɗi.

Wassalam.
Iyayenka mahaya, Zariya.