Sanarwa Kan Shirwar Fadamar Argungu

Assalamu alaikum ƴan uwa masu kallon tsuntsaye. Wasu sun ce lissafin nau'in tsuntsayen da suka gani ya ragu da ɗaya bayan sun mayar da shi eBird, wato shafin intanet da ake rubuta tsuntsayen da aka gani. Shirwa ce dalili. Jerin IOC, wani jerin sunayen tsuntsayen duniya, ya daɗe yana raba shirwa mai rawayan baki, wadda muka saba gani tana shawagi kan mahauta, da mai baƙin baki da ke zuwa daga Turai lokacin hunturu. eBird kuwa ya ɗauke su nau'i ɗaya.

Ni ma abin ya sosa mini rai, wallahi. Amma don Allah kada a daina rubuta launin baki, a ɗauki hoto in ya samu. A kula, ƙaramar shirwarmu ma bakinta baƙi ne kafin ta girma. Asabar bayan sallar asuba mu haɗu bakin gada.