Amsa ga 'yar uwar da ta tambaye ni kan prednisolone

Assalamu alaikum 'yar uwa. Na ga tambayar da kika yi min a bainar jama'a, kin ce an rubuta wa Mama prednisolone saboda ciwon gaɓoɓi, kumburin ya sace har tana iya dunƙule hannunta da safe, amma likita ya ce kar ta kuskura ta daina lokaci ɗaya, shi ne kike cewa to me ya sa tunda ai ta samu sauƙi.

Ki bi maganar likitan nan don Allah. Jikin mutum da kansa yana haɗa wani sinadari mai suna kotisol, daga wasu 'yan ƙananan halittu guda biyu da ke zaune a saman ƙoda, su kuma prednisolone da dexamethasone da hydrocortisone kwaikwayonsa suke yi. Idan suka shiga cikin ƙwayoyin jiki sai su sa a rage fitar da sinadaran da ke kiran sojojin garkuwa zuwa wurin ciwo, zafi da kumburi su lafa. Shi ya sa ake ba masu asma da lupus (ciwon da garkuwar jiki ke juyowa tana yaƙar jikin) da masu wasu cututtukan fata masu kumburi da ƙaiƙayi. Tun 1948 wani likita mai suna Philip Hench ya fara gwada irinsa kan mai ciwon gaɓoɓi a Amurka, ya samu kyautar Nobel a 1950. Amma fa maganin kwantar da ciwon yake, ba ya cire shi daga tushe.

Matsalar ita ce idan mutum ya wuce kamar sati 3 yana sha, ƙwaƙwalwa sai ta ga ai kotisol ya wadata, ta daina aika umarni, halittun nan su kwanta barci abinsu. Ranar da aka yanke maganin kwatsam babu na waje babu na ciki, sai kasala da jiri da amai, jini ya faɗi ƙasa sosai, wallahi yana iya kai mutum ga halaka, ga shi ciwon ma ya dawo da ƙarfinsa. Ragewa a hankali shi ke ba su lokacin farkawa.

Daɗewa a kansa ma ba alheri ba ne, yana tada suga da hawan jini, fuska ta cika, ƙashi ya yi rauni, cuta ta riƙa saurin kama mutum. Ta riƙa sha da safe bayan ta ci abinci, kuma in zazzaɓi ya kama ta a kai ta asibiti a faɗa musu tana kan wannan maganin. Allah ya ba Mama lafiya.