Ɗana, Kan Batun Sanin Mutane

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Mahaifiyarka da ƙannenka duk suna lafiya. Na so in kira ka a waya, amma na san halina: in na fara magana murya za ta ɗaga, kai kuma ka yi ta cewa "to, Baba" har mu rabu ba wanda ya fahimci wani. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Yayarka ce ta nuna mini hotunan da kake sakawa a intanet. Na ƙirga bakwai cikin wata biyu. A kowanne kana tsaye gefen wani babban mutum, ka ɗan rusuna, kana washe baki, shi kuwa idonsa na kallon wani waje. Da na tambaya, sai ta ce wai haka ake ƙulla alaƙar aiki yanzu, tun mutum yana jami'a. Sannan na ji, ba daga bakinta ba, cewa kana barin darasi don halartar irin waɗannan taruka. Kada ka wahalar da kanka neman wanda ya faɗa mini.

Neman sanin mutane ba laifi ba ne, kuma ni na fi kowa sanin amfaninsa, domin rashinsa ya cuce ni. Shekara 31 na yi a bakin aiki, ina shiga ofis in rufe ƙofa, in yi aikina, in tashi. Sau uku aka tsallake ni wajen ƙarin girma. A na ukun, wanda ni na koya wa aiki aka ɗora a kaina. Na daɗe ina cewa zalunci ne, kuma har yau ban janye ba. Amma daga baya na yarda cewa waɗanda suka zauna yanke hukuncin ba su san ni ba, sunana kawai suka gani a takarda. Duk da haka ban taɓa riƙe wa kowa jaka ba, kuma da wannan albashin na rene ku, ba wanda ya taɓa nuna ku da yatsa ya ce ubanku maroƙi ne.

To a nan tsorona yake. Da na ga yadda ka rusuna a hoton nan, kawunka na gani. Ka san labarin, ba sai na maimaita ba. Shi ma da haka ya fara: gaisuwa, rakiya, buɗe ƙofar mota, "ranka ya daɗe" tun safe har dare. Shekara nawa ya yi yana jiran alkawari? Ranar da babban mutumin da yake bi ya sauka daga kujera, ko lambar kawunka bai ajiye ba. Kawunka ya fi ni ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba, amma ya fito babu sana'a, babu takarda, sai tarin hotuna. Na kwana biyu ban yi barcin kirki ba saboda wannan tunanin. Ban tura ka jami'a don ka zama ɗan rakiyar kowa ba. Kuma in gaya maka gaskiya, wanda ya bar aji ya tafi layin gaisuwa ya riga ya sayar da abu ɗaya tilo da zai sa manyan nan su waiwaye shi. Me za ka ce musu ka iya? Murmushi? Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, ɗana, kuma babban mutum yana gane mai kwaɗayi tun daga bakin ƙofa.

Na faɗi mai zafin. Yanzu saurari abin da na so a ce wani ya gaya mini ina shekarunka.

Mutanen da za su amfane ka suna zaune kusa da kai a aji. Wanda kuke haɗa aikin rukuni da shi yau, nan da shekara goma yana wani kamfani, za a tambaye shi ko ya san wani mai riƙon amana, zai tuna wanda ya kawo nasa kason a kan lokaci da wanda ya ɓace sai ranar miƙawa. Bayan na yi ritaya na karanta binciken wani masanin zamantakewa a Amurka, Mark Granovetter, wanda ya fito a 1973. Ya gano cewa masu samun aiki ta hanyar mutane sun fi samunsa daga waɗanda suke haɗuwa da su jefi-jefi, fiye da aminai na kullum. Dalilin a fili yake: amininka abin da ka sani shi ya sani, wuraren da kake shiga su yake shiga, amma wanda kuka saba sama-sama yana jin labarin da bai iso kunnenka ba. Saboda haka ka riƙa gaisawa da ɗaliban wasu sassa, ka shiga ƙungiyar ɗalibai ta fanninka, ka karɓi aiki a cikinta ko da rubuta bayanin taro ne.

Sai malamanka. Ranar da za ka nemi takardar shaida daga hannun malami, abin da ya sani game da kai kaɗai zai iya rubutawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Zaɓi biyu ko uku, ka je ofishinsu a lokacin da suka ware wa ɗalibai, da tambaya ta gaske kan darasin da ka karanta ka kasa ganewa. In akwai bincike da suke neman mataimaki, miƙa kanka.

Shafin LinkedIn da yayarka ta nuna mini, wato dandalin intanet na ma'aikata da masu neman aiki, ban ƙi shi ba. Tun 2003 yake, kuma masu rajista a cikinsa sun haura biliyan ɗaya, don haka kai ɗigo ne a teku sai in ka nuna aiki. Cire hotunan manyan, sa naka kai kaɗai cikin shiga ta kamala, ka rubuta abin da kake karanta da aikin da ka yi da hannunka. In za ka rubuta wa wanda ya gama sashenku yana aiki a fannin da kake so, layi huɗu sun isa: ko kai wane ne, inda ka ga aikinsa, tambaya guda ɗaya, da roƙon minti goma sha biyar na lokacinsa. Kada ka nemi aiki a saƙon farko. In ya ba ka shawara, gode masa washegari, bayan wata biyu kuma ka sanar da shi abin da ka yi da ita. Da yawa ba za su amsa ba, wannan ba wulaƙanci ba ne, aiki ne ya yi musu yawa. Duk wanda kuwa ya ce ka turo kuɗi kafin ya sama maka gurbi, ɓarawo ne, ko da wane irin tambari ya zo.

Na san abin da ke ranka. Kana ganin yadda muke, kana so ka ɗauke mana nauyi da wuri. Allah ya yi maka albarka a kan wannan niyya. Amma ba mu gaji ba tukuna, kuma ba abin da muke jira daga gare ka bana sai sakamako mai kyau. Taron da bai ci karo da darasi ba, je ka, ka zauna, ka saurara, ka yi tambaya mai ma'ana, ka miƙa hannu a tsaye kamar ɗan mutunci.

Saƙon farko da za ka aika wa wani, turo mini in gani kafin ka tura. Na yi shekaru ina gyara wasiƙun ofis, wannan kam na iya. Ka kira mahaifiyarka a ƙarshen mako, ba ta san na rubuto ba, kuma ban nuna mata hotunan ba.

Mahaifinka.