Rashin ji iri biyu ne, ku gaya wa baƙonku

Assalamu alaikum Malam Edita,

Wallahi raina ya ɓaci da shirinku na rediyo na ranar Asabar. Baƙonku ya ce yaro ɗan shekara uku da ke cizo da birgima a aji kunnen ƙashi ne da shi, bulala ce maganinsa, mai gabatarwa kuma sai dariya take yi. Ko tambaya ɗaya ba ta yi masa ba.

Ni uwar irin wannan yaron ce. Kullum na je ɗaukar ɗana daga nazare, da ƙarar da ke jirana: ya ture wani, ya ƙi zama, an kira shi ya yi biris. Malamarsa ta ce, "Maman yaro, ɗan nan naki ba ya ji." Ashe gaskiya ta faɗa ba ta sani ba. Na dake shi, ba zan ɓoye ba, har yau abin na ci mini rai. Sai da wata likita ta leƙa kunnensa ta ce ruwa ne ya taru a bayan dodon kunnen, duka biyun, tun wata mura da ya yi. Abin ba ya zafi, shi ya sa bai taɓa kuka da kunne ba. Magana tana iso masa kamar ta wanda ke bayan ƙofa. Yaron da ba ya jin me ake cewa, bakinsa kuma bai gama buɗewa ba, da me zai nemi abin wasansa in ba da hannu da haƙori ba?

Aka yi magani, aka dawo da shi gaban aji. Sabuwar malamarsa takan durƙusa ta dubi idonsa kafin ta yi magana, umarni ɗaya a lokaci guda, ta kuma sanar da shi tun kafin a tashi daga wasa. Cizon ya tsaya. Ƙiriniya dai tana nan, yaro ne.

Ba kowane yaro ne ciwon kunne ke damunsa ba. Wani barci ne bai ishe shi ba. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 na buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 a yini da dare. Baƙonku ya ambaci barci? Ya ambaci jinkirin magana? Minti talatin yana ta yabon bulala, iyaye nawa suka kashe rediyo suka ɗauko ta?

Ku sake shirin, ku kawo likitar yara da malamar da ta daɗe da ƙananan yara.

Sannan wannan layin wayar naku. Sau bakwai na kira ranar, bai shiga ba, amma mutum uku ɗin nan da muka haddace muryoyinsu kullum sai sun samu shiga.

Taku mai sauraro,
Wata uwa