Wannan ɓacewar a gem ta karya dokar gudun haske

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni fili, wata gardama ce ta hana mu sakat a gidan gem ɗin unguwarmu nan Jekadafari a Gombe, sati biyu kenan. Gem ne na jiragen sararin samaniya, tun farko waɗanda suka ƙirƙiri gem ɗin suka ce babu jirgin da zai wuce gudun haske, sai kuma ka shiga wata ƙofa ka ɓace bat ka ɓullo a wata duniyar nan take kamar mai layar zana. Abokaina suna cewa wai ai ba tafiya ka yi ba, ɓacewa ka yi, don haka doka tana nan.

Ni dai wallahi ban yarda ba. Haske yana cin kusan kilomita 300,000 a sakan ɗaya, amma duk da haka sai ya yi minti 8 da ɗan wani abu kafin ya iso mana daga rana, kuma abin da ya fito daga aikin masanin kimiyya Einstein na 1905 ba maganar jirgi kawai ba ce, har saƙo ma bai isa ya riga haske ba. To in na ɓullo can da labari a bakina kafin haske ya iso, ai na riga shi, ko da ƙafa na je ko da ƙofa.

Jiya ƙanina ya naɗe takarda ya haɗa gefe biyu ya huda da biro, ya ce "Yaya ka gani, hanyar ce aka gajarta." Dabarar ta burge ni sosai, amma su masu gem ɗin ba su faɗi haka ba ko sau ɗaya, su fito su yi mana bayani mana.

Naku,
Mai karanta jaridarku kullum, daga Gombe.