A Sake Sauraron Kundin Farko na 'Yan Matan Haim

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne a kan shirinku na waƙoƙin ƙasashen waje na daren Asabar, wanda na daɗe ba na bari ya wuce ni. A makon jiya mai gabatarwa ya sa waƙar The Wire ta ƙungiyar Haim. Ko rabi ba ta kai ba ya katse ta, ya ce wai gwanjo ce, tsofaffin kayan shekarun 1970 ne aka wanke aka goge aka rataye a kasuwa. Maganar ta tsaya mini a rai har yau, domin kundin da waƙar ta fito a ciki, Days Are Gone, na saurare shi ba adadi, kuma ina ganin ba a yi masa adalci ba.

Ranka ya daɗe, bari in fara da gidan da yaran suka tashi. Su uku ne, uwa ɗaya uba ɗaya: Este wadda aka haifa a 1986, Danielle a 1989, sai autarsu Alana a 1991. A yankin San Fernando na birnin Los Angeles a Amurka suka girma, kuma Haim sunan gidansu ne. Mahaifinsu yana kaɗa ganga, mahaifiyarsu tana kaɗa jita. Tun suna ƙanana iyayen suka haɗa ƙungiyar gida mai suna Rockinhaim, suna zuwa bukukuwan unguwa da tarukan neman taimako suna rera tsofaffin waƙoƙin zamanin iyayen. To, yarinyar da ta buɗe ido ta tarar da wannan kiɗa a falon gidansu, ta kama sandar ganga tun hannunta bai yi ƙwari ba, in ta girma aka ji amon gidansu a waƙarta, sata ta yi? Mu da muka san gidajen makaɗa mun san yadda abin yake. Yaro yakan fara da ɗaukar kayan kiɗa, ya zama ɗan amshi, ya yi shekaru a bayan ubansa kafin ya buɗe baki da tasa waƙar, kuma ranar da aka ji zubin uban a bakinsa sai a ce ya yi gado.

Kuma ba dare ɗaya Allah ya yi su ba. A 2007 suka kafa ƙungiyarsu ta kansu, suka yi kusan shekara biyar suna wasa a ƙananan wurare ba wanda ya san da su. Danielle ta bi wasu mawaƙa yawon wasa tana kaɗa musu jita, cikinsu har da Julian Casablancas. Este ta shiga jami'ar UCLA ta karanci kiɗan al'ummu. Sai a 2012 suka fitar da ɗan ƙaramin faifai mai suna Forever, a farkon 2013 kuma suka zo na ɗaya a zaɓen sababbin mawaƙa da BBC ke yi duk shekara. Da kundin ya fito a ƙarshen Satumba na shekarar, kai tsaye ya hau matsayi na ɗaya a jerin kundayen da suka fi kasuwa a Birtaniya, ya sha gaban sabon kundin Justin Timberlake da ya fito mako guda da shi. A Amurka ya kai na shida.

Ba zan yi musu ba, ƙamshin kiɗan zamanin da yana nan a kundin. Wanda ya san Fleetwood Mac, ƙungiyar kiɗan Turawa da ta yi tashe a shekarun 1970, zai ji su a yadda muryoyin ukun ke haɗuwa su hau tare. Kiɗan The Wire ma yana kama da na wata waƙar ƙungiyar Eagles ta 1979, masana kiɗa sun faɗi haka tun lokacin. Amma da mai gabatarwa ya yi haƙuri ya bar waƙar ta ƙare, da ya ji abin da babu shi a wancan zamanin. Danielle tana daddatsa kalmomi ne, tana jefa su gajeru gajeru kamar mai dukan ganga da baki, numfashinta ma yana cikin lissafin kiɗan. Wannan daga waƙoƙin da suka ji a rediyo suna 'yan mata ya zo, irin na ƙungiyoyin mata mawaƙa na Amurka, TLC da Destiny's Child, kuma su da kansu sun sha faɗin haka. A waƙar, kowacce tana karɓar baiti guda, ɗaya ta sauke ɗaya ta ɗauka. Labarin cikinta ma na mace ce da ita ta yanke soyayya, tana amsa laifin yadda ta yi abin ba tare da ta ce za ta koma ba. Sannan akwai My Song 5, mai kaurin sauti da nauyi kamar ana jan ƙarfe a ƙasa, wadda ko kusa ba ta yi kama da kiɗan 1970 ba.

Inda zan yarda da mai suka shi ne gogewar ta yi yawa. Ariel Rechtshaid da sauran waɗanda suka haɗa sautin a sitidiyo sun share kowane ƙura, har wasu waƙoƙin tsakiyar kundin suna neman su zama abu ɗaya a kunne. Wanda ya kalli bidiyon wasansu a bikin kiɗa na Glastonbury da aka yi a Ingila a 2013 zai ga wasu mutane daban: jita tana kuka, Este tana murtuke fuska a kan jitar bas, gumi yana zuba. Na so a ce an bar ɗan wannan zafin a faifan. Da wannan mai gabatarwa ya faɗa, da ban ɗauki alƙalami ba.

Abin da ya sa nake jin ciwon maganar shi ne, ni a kan kaset ɗin yayana na tashi, na tsofaffin ƙungiyoyin Turawa masu jita da ganga. 'Yata kuwa ba ta da haƙurin sauraron waɗannan. Wannan kundin ne na farko da muka zauna ni da ita muka ji tun daga waƙa ta ɗaya har ta goma sha ɗaya, ita tana jin zamaninta a ciki, ni ina jin nawa. Daga nan ne ta fara tambayata su wane ne Fleetwood Mac. Ranar Asabar ɗin ma tare muke zaune da aka katse waƙar, ta juyo ta dube ni.

Roƙona, ranka ya daɗe, a ware minti goma sha biyar a shiri mai zuwa. A sa The Wire daga farko har ƙarshe ba tare da an yi magana a kanta ba, a bi ta da Falling daga kundin, sannan a sa ɗaya daga cikin tsofaffin waƙoƙin da ake cewa sun kwaikwaya, a buɗe layin waya masu sauraro su faɗi abin da kunnensu ya ji. Ni da 'yata za mu kasance a gaban rediyo.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronku a kullum,
daga Kano